Keke mai maɓalli tara

Shekarata 24 ina gyaran keken ɗinki a Aboabo, nan Kumasi. Butterfly da Singer na ƙafa, Juki mai lantarki, har tsofaffin tafireta da maigidana ya koya mini kafin zamaninsu ya shuɗe, duk sun bi ta hannuna. Amma ranar da yayata ta shigo shago ɗauke da wani abu a naɗe cikin zane, ta dire shi kan benci tana haki, sai na tsaya turus. Ƙarfe ne mai ruwan toka, da mariƙi a ka, nauyinsa ya kusa kilo 5. Maɓallansa tara ne kacal, babu harafi ko guda a jikinsu, babu kuma wurin tawada.

Ta ce, "Auta, na uwarka ne. Daga Amurka aka aiko shi, ga shi ya ƙi motsi. Duba mana shi don Allah."

Uwar tawa da take nufi, 'yarta ce ta uku. Sunan mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, aka sa mata, shi ya sa babu mai kama sunanta a gidanmu. Ni uwata nake ce mata, ita kuma ta ce mini Kawu. Tana shekara 6 hawan jinin ido ya fara cin ganinta, kafin ta cika 9 ya tafi gaba ɗaya. An yi na asibiti, an yi na gida, an yi addu'a, Allah bai nufa ba. Cikin masu zuwa jaje akwai wadda ta ce ai shi ke nan, a samo mata ɗan jagora da ƙoƙo, ƙofar masallaci ba ta rasa masu sadaka ranar Juma'a. Yayata ba ta tanka ba. Sati na zagayowa ta hau mota ta tafi neman makaranta. Tsofaffin makarantun makafi a Gana biyu ne, ta Akropong da aka buɗe a 1945 da ta Wa da ta biyo baya a 1958. A ɗayansu yarinyar ta koyi karatu, yanzu kuwa tana sakandare, aji ɗaya da masu gani.

Duk tsawon shekarun nan, in ta zo hutu, da allo da tsinke take rubutu. Allon kamar littafi yake buɗewa, a sa takarda mai kauri a tsakiya a matse, sai a riƙa danna ɗigo ɗaya bayan ɗaya da tsinken ƙarfe mai kan katako. Da yake ta bayan takarda ake dannawa, dole a fara daga dama a nufi hagu, kowane harafi a juye, in an gama a cire takardar a kifa ta, a karanta daga hagu. Mu da muka yi makarantar allo, rubutu daga dama ba baƙonmu ba ne, ita ma bai taɓa yi mata wuya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ba ta iya taɓa abin da ta rubuta sai ta buɗe allon. In tana tsakiyar jimla aka kira ta ta riƙe jariri, to in ta dawo sai ta kwance takarda, ta laluba inda ta tsaya, ta mayar daidai ramukan da ta bari. Lissafi kuwa ba a magana. Yaya za ka tara lambobi layi uku, kana riƙe da abin da ka ɗauko a ka, alhali ba ka da ikon duba layin sama? Na sha ganin kantar da tsinken ya yi mata a gindin manuniya.

Wannan ne ya sa ɗan baffanmu da ke tuƙa tasi a Bronx ya nemo mata keken rubutun makafi, irin wanda ake kira Perkins. Sabo ɗaruruwan daloli ne kafin a zo maganar jirgi da kwastan, don haka na hannu ya samu, ya cusa shi cikin duro tare da kayan sallah, ya biyo ruwa har Tema. Aka yi murna, aka buɗe, aka danna maɓalli, ya nutse ya ƙi tasowa.

Daren farko ban kwance komai ba. Na dai juya shi, na leƙa ta ƙasa da tocila, na gane abu guda: ban san yadda lafiyayyensa yake aiki ba, balle in san ciwonsa. Keken ɗinki in na gyara, ƙyalle nake sawa in taka, idona ya gaya mini ko ɗinkin ya zauna. Wannan fa? Sai na aika a gaya wa uwata ta zo shago ranar Asabar.

Ta zo riƙe da sandarta, da kiret ɗin ƙwai da ta sa aka yanke mata ya zama rami shida, da marafen kwalba a aljihu. Ta tsayar da shi a gabana, ramuka uku a hagu, uku a dama.

"Kawu, wannan shi ne gida ɗaya. Na hagu daga sama, 1, 2, 3. Na dama daga sama, 4, 5, 6. Duk rubutunmu a cikin gidan nan yake."

Ta jefa marfi a rami na 1, ta ce wannan a ce. Ta ƙara a na 2, ta ce b. Daga ɗigo shidan nan ana samun siffa 63, a cikinsu ake fitar da haruffa da wasulla da aya da waƙafi. Lambobi ba su da nasu gidan dabam, sai dai a sa alamar lamba a gaba, wato ɗigo 3, 4, 5, 6, sai haruffa goma na farko su rikiɗe su zama 1 zuwa 0. Daga nan ta jawo hannuwana ta aza kan keken. Manuniyar hagu ɗigo na 1, ta tsakiya na 2, ta zobe na 3. Hannun dama haka, 4, 5, 6. Faffaɗan maɓallin tsakiya na babban yatsa ne, shi ke ba da fili tsakanin kalma da kalma. Na can gefen hagu yana sauko da sabon layi, na gefen dama yana komawa baya gida ɗaya. Kuma ba ɗaya-ɗaya ake dannawa kamar tafireta ba. Duk ɗigon da harafi yake buƙata, yatsunsu tare suke sauka, bugu guda, harafi ya fito.

Ta sa na jera sunan da take kirana da marafen kwalba. K, ɗigo 1 da 3. A, ɗigo 1. U, ɗigo 1, 3, 6. Da muka zo kan w sai ta yi dariya ta ce shi baƙo ne a gidan, ɗigo 2, 4, 5, 6, bai bi jerin 'yan'uwansa ba, domin a Faransa aka ƙirƙiro rubutun, Faransancin wancan zamani kuwa bai cika amfani da shi ba, daga baya aka saka shi. Na ce to mu Hausawa da ba ma jimla babu wannan, wancan, wani da wata, ai baƙon nan shi ne ɗan gida a wurinmu.

A bakinta na fara jin labarin mai rubutun, Louis Braille. An haife shi a 1809 a wani ƙauye da ake kira Coupvray, kusa da Paris. Ubansa baduku ne, kayan doki yake ɗinkawa. Yana shekara 3 yana wasa a rumfar uban, basilla ta soke shi a ido, ciwon ya haura ɗaya idon, duka biyu suka tafi. Yana ɗan shekara 15, a 1824, ya gama tsara ɗigo shidan nan, aka buga littafinsa a 1829. Ya rasu a 1852, hukumar ƙasarsa ba ta karɓi rubutun a hukumance ba sai bayan shekara biyu da rasuwarsa. Tun da na ji haka na daina barin basilla da almakashi a bakin benci, domin 'ya'yan maƙwabta ba sa rabuwa da shagona.

Na koma kan aiki. Na cire faifan ƙasa, na cire murfin sama, kowane noti da ƙusa na jefa shi cikin gwangwanin madara mai lamba, ina ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. Cikinsa ya fi keken ɗinki cunkoso nesa ba kusa ba, ƙananan ƙarafa ɗaruruwa, amma da na zauna na bi su a hankali sai na ga mai hankali ne ya tsara. Takarda ba ta yawo hagu da dama kamar a tafireta. Naɗe ta ake yi a cikin wani ganga da ke cikin keken, tana fitowa layi-layi. Abin da ke tafiya shi ne kan da ke buga ɗigon. Tsinkaye shida ne a ƙarƙashin takarda, in ka danna maɓalli su taso su tura ta cikin ƙananan ramuka da ke sama, ɗigon ya fito yana kallon sama. Nan take yatsa zai iya taɓa shi. Wannan shi ne abin da allo da tsinke ba ya bayarwa, kuma saboda shi ɗan baffanmu ya kashe kuɗinsa. Da zarar ka ɗaga yatsu, sifirin da wata siririyar sarƙa su ja kan zuwa gida na gaba. In ya kusa ƙarshen layi ƙararrawa ta kaɗa.

Ciwon ba karaya ba ce. Wani ne can baya, da kyakkyawar niyya, ya tuttula masa mai mai kauri. Man ya haɗu da ƙurar takarda ta shekaru ya zama danƙo, baƙi ƙirin, ya riƙe komai. Teloli ma haka suke yi mini kullum, keke ya ɗan yi nauyi sai a ɗauko man injin mota. Na wanke da kananzir da tsohon burushin haƙori, na bi lungu-lungu da tsinken kwakwa da ƙyalle, na bar shi ya bushe. Sifirin ɗaya ya ɓalle ya miƙe, na samu mai kama da shi a gawar wata tafireta da ke ƙarƙashin bencina tun zamanin maigidana. Mai kuwa, na agogo na roƙo wurin wani tsoho mai gyara a Adum, ina ɗiga shi da bakin allura. Sati uku na yi, bayan sallar isha'i, in na sallami aikin rana.

Cikin waɗannan dararen na bincika a intanet wane ne ya ƙera shi. Sunansa David Abraham, malamin koyar da aikin katako ne a makarantar makafi ta Perkins da ke Watertown, kusa da Boston, makarantar da Helen Keller, marubuciyar nan makauniya kuma kurma, ta yi karatu. Shugaban makarantar ne ya ba shi aikin, ya yi shekaru yana gwaji, yaƙin duniya na biyu ya tsayar da komai, sai a 1951 aka fara ƙera shi don sayarwa. Ba shi ne farau ba. Tun 1892 wani Frank Hall, shugaban makarantar makafi a jihar Illinois, ya fito da keke mai maɓalli shida, kuma bai yi rajistar mallakarsa ba. Amma na Abraham ne ya bazu a duniya, har yau ana ƙera shi kusan yadda ya bar shi. Na ji daɗi da na san mai sana'ar hannu ne. Ko ba a faɗa mini ba, aikin ya nuna: ya yi shi yadda za a iya kwancewa a wanke a mayar.

Ranar da na ɗaure noti na ƙarshe, na naɗa takarda, na danna duka shida tare. Kan ya buga, ya matsa. Na yi ta bugawa har ƙararrawa ta kaɗa. Na ɗaga takardar a hasken fitila, ɗigo shida-shida reras, layi guda cur. Na yi hamdala, na aika a kira ta.

Ta zauna, ta shafa keken daga mariƙi har ƙasa, ta buga layi ɗaya, ta aza yatsa ta bi. Sai ta yi shiru. Ta sake bi.

"Kawu, sannu da ƙoƙari. Amma na 4 bai tashi sosai ba."

Na karɓi takardar na duba, na sa tabarau na sake dubawa. A idona duk ɗaya suke. Ta ce in ba ta kalma, na ce ta rubuta "dawa". Ta buga, ta kama yatsana ta aza kan harafin farko. D ɗigo 1, 4, 5 ne. In na 4 ya kwanta, 1 da 5 ne suka rage, wato e. Ta ce yau tana iya jin sa da ƙyar saboda sabo ne, amma in takardar ta kwana biyu cikin jaka ƙarƙashin littattafai, ko ta je hannun mai duba jarrabawa, to wani harafin ta rubuta. Na sake kwancewa. Ashe akwai sauran danƙo a gindin tsinke na 4, ɗan mitsitsi, yana hana shi kai wa ƙarshe. Na wanke, na mayar, ta gwada, ta ce ya yi sauƙi amma da saura. Sau uku muna haka. A na huɗu ta bi layin har ƙarshe, ta dawo ta bi, sai ta ce, "Yanzu ya zauna."

Abin nan ya tsaya mini a rai. Shekara 24 idona ne alƙalin aikina. A wannan keke kuwa idona bai isa ya yanke hukunci ba, sai yatsanta. Tun daga ranar ban taɓa cewa na gama gyaran irin wannan keke ba sai mai karatu da shi ya taɓa ya yarda.

Abin da ta fara rubutawa bayan gwaji Bismillah ce, da Larabcin makafi. Shi ma ɗigo shidan nan ne, alif ɗigo 1, ba ɗigo 1 da 2, lam 1, 2, 3, kuma daga hagu ake karanta shi zuwa dama, saɓanin na tawada. Yayata tana tsaye a bakin ƙofa tana goge ido da gefen mayafi. Ni kuma Suratu Abasa ce ta faɗo mini, da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi aka saukar da ayoyi saboda shi. Mun haddace ta tun muna yara a makaranta, amma kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa tambaya da me makahon zangonmu zai rubuta ilimin in ya samu.

Keken yana da ƙara, wannan gaskiya ce. Gidan yayata na haya ne, ɗaki goma sha, kuma in uwata ta zauna aikin gida bayan magariba kowa ya sani. Da farko an yi ƙorafi. Yanzu in an ɗauke wuta, yaran gidan sun rufe littattafai sun fito tsakar gida, ƙaf-ƙaf ɗinta kaɗai ake ji daga ɗaki, sai ka ji wata uwa tana ce wa ɗanta ya ji fa, ita ba ta tashi ba. Takarda ce matsalarmu. Tasu ta musamman tana da tsada kuma ba kullum ake samu a Kumasi ba, sai mu yanka tsofaffin kalanda da bangon mujallu daidai faɗin keken, ta yi aikin gwaji a kansu, ta adana mai kyau don abin da za ta miƙa. Yayata ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa saboda ƙurar hunturu, na kuma hana kowa kusantarsa da mai.

Abokaina na shago sun ce mini wahalar me, tunda waya tana magana yanzu, tana karanta wa makaho saƙo, yana faɗa tana rubutawa. Uwata ma tana da wayar, tana kuma amfani da ita sosai. Amma na tambaye su, wane ne a cikinsu zai yarda a cire ɗansa mai ido daga koyon rubutu a ce rediyo ya ishe shi? Wanda kunne kaɗai ya karantar bai san yadda ake jera haruffan kalma ba, bai san inda aya take zama ba, ba zai iya shimfiɗa lissafi ya bi shi sama da ƙasa ba. Gana ta yi dokar masu buƙata ta musamman tun 2006, kuma a 2013 Shugaba John Mahama ya naɗa Dakta Henry Seidu Daanaa, lauya makaho, ministan harkokin sarauta. Yaron da zai taka irin wannan matsayi, tun yana ƙarami yake buƙatar abin rubutu a hannunsa, wanda ke aiki yau, ba wanda ake jiran a gyara baɗi ba.

A nan ne maganar ta dawo kanmu masu gyara. Wata malama da ke koyar da makafi ta ji labari ta wurin uwata, ta biyo trotro, wato motar haya, har Aboabo da keke biyu a cikin jaka. Ta ce inda take aiki akwai irinsu a ajiye cikin sito, kyauta aka kawo su shekarun baya, ɗaya bayan ɗaya suka tsaya, yara kuma suna layi a kan 'yan ƙalilan da suka rage. Na buɗe na farko a gabanta. Danƙo ne da ƙura, irin na uwata sak. A garin da ke da Suame Magazine, inda ake tayar da motar da ta shekara goma a kwance, a ce keken da ba ya shan wuta ba ya shan fetur ya mutu saboda datti! Duk zangon da ka shiga, daga Asawase har Nima, akwai mai gyaran keken ɗinki ko agogo da hannunsa ya saba da ƙananan ƙarafa. Abin da zai ƙara kawai haƙuri ne, da ƙin zuba mai barkatai, da makaho mai karatu a gefensa. Na fara zaunar da yarona na shago yana kallo, shi ke riƙe gwangwanayen noti yanzu.

Cikin biyun nan ɗaya ya tashi. Ɗayan wani ƙaramin ƙarfe ne ya karye a maɓallin komawa baya, na aika wa ɗan baffanmu hotonsa ko zai samo a can. Wanda ya tashin ma ban mayar wa malamar ba tukuna, yana nan kan kanta a lulluɓe. Sati biyu ya rage a ba su uwata hutu, na riga na yanka mata kalanda na ajiye.